Babban littafin jiragen yaƙin duniya na biyu: zane ya yi, rubutu da saura

Littafin irin manyan nan ne masu bango mai kauri da takarda mai sheƙi, waɗanda kamfanoni da dama ke bugawa kan jiragen saman yaƙin duniya na biyu, kuma kusan duk halinsu ɗaya. Abin yabo akwai shi. Zanen Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya, da aka feɗe cikinsa ya ci shafi biyu cur: ga injin Merlin, ga bindigogi takwas jere cikin fukafukai, ga tankin mai dab da gaban matuƙi, wanda kana ganinsa ka gane dalilin da matuƙa da yawa suka sha ƙuna a fuska da hannuwa. Ɗinkin ma da ƙarfi, littafin na buɗewa ya kwanta, tsakiya ba ta cinye hoto.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun. Ni duk littafi irin wannan, ranar 15 ga Satumba 1940 nake fara nema. A ranar, Birtaniya ta sanar cewa ta kakkaɓo jiragen Jamus 185. Da aka duba takardun rundunar saman Jamus bayan yaƙi, sai ga shi kusan 60 ne. Ba wai matuƙan sun shirga ƙarya ba ne. Mutum uku su yi wa jirgi ɗaya ruwan wuta, kowa ya ga hayaƙi, kowa ya sauka ya ce nasa ne, kuma Jamusawa ma haka suka riƙa yi. Wannan littafin ya ajiye 185 ya wuce abinsa. Haka ya yi da Erich Hartmann, matuƙin jirgin yaƙin Jamus: an ce ya harbo jirage 352, ko ƙala bai ce ba kan yadda aka ƙirga su. Marubucin da bai leƙa asarar da ɗaya ɓangaren ya rubuta ba, sanarwar lokacin yaƙi kawai ya kwafo mana.

Sai kuma son kyakkyawan jirgi. An mayar da Hurricane, wani jirgin yaƙin Birtaniyar, ɗan rakiya, alhali a yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940 ya fi Spitfire yawa, ya kuma fi shi harbo jirage. Tsarin rada da Hugh Dowding, kwamandan jiragen da ke kare sararin Birtaniya, ya kafa, wanda ke gaya wa matuƙa inda za su tari abokan gaba, layi kaɗan ya samu. Wataƙila don dogon ƙarfen eriya ba ya kyau a hoto.

Babin ruwan bama-bamai ya fi sauran, gaskiya. Ya kawo rahoton Butt na 1941, binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi, wanda ya nuna cewa cikin jiragen Birtaniya da suka ce sun kai hari, kusan ɗaya bisa uku ne kawai ya zo cikin mil biyar da inda aka tura shi. Ya kuma faɗi ba ɓoye-ɓoye cewa Amurka ta rasa jiragen jefa bama-bamai samfurin B-17 guda 60 a harin da ta kai birnin Schweinfurt na Jamus ranar 14 ga Oktoba 1943. Da alama wani ne daban ya rubuta babin.

Fagen Rasha kuwa an bi ta kansa a guje. Il-2, jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyat da aka ƙera sama da 36,000, shafi ɗaya.

Mai harhaɗa ƙananan samfurin jirage, ko mai son sanya wa yaro sha'awar abin, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Mai neman tarihi kuwa ya duba ƙarshen littafin ya ga ko marubucin ya faɗi inda ya samo alƙalumansa. Wannan bai faɗa ba. A kuma duba ƙananan rubutun shafin farko, domin da yawa daga irin waɗannan littattafai tsohon rubutu ne aka sauya wa bango. Wanda aka rubuta kafin 1991 bai ga takardun Tarayyar Sobiyat da aka buɗe daga baya ba.