Barin yaro ya yi kuka ko janyewa a hankali: wanne ya dace da mai ƙiwar dare?

Maman Hanif, kin ce yaronki watansa 9, da can yana barcinsa lafiya, yanzu kuwa ko motsi kika yi za ki sauka daga gado sai ya tsandara kuka, kafin asuba ya farka sau uku sau huɗu. Ƙawarki ta ce ki ƙyale shi ya yi kukansa zai saba, Hajiyar maigida kuma ta ce a'a, ki kwanta da shi har barci ya ɗauke shi. Kina so ki san wacce za ki bi.

Abin da kike gani ƙiwa ce, ta dare. Takan fara wajen wata 6 zuwa 8, ta yi tsanani tsakanin wata 10 da 18, sannan ta lafa. Wayo ne ya zo masa. Da can in kin fita ɗaki kin fita daga tunaninsa, yanzu ya gane kina nan wani wuri, bai dai san yaushe za ki dawo ba. Ga shi kowane jariri yana ɗan farkawa sau da dama cikin dare. Wanda barci ya ɗauke shi da nono a baki, in ya farka ya ji babu, dole ya neme ki.

Ki kuma lissafa barcinsa tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce daga haihuwa zuwa wata 3 jariri na buƙatar awa 14 zuwa 17, ɗan wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuma awa 11 zuwa 14, duk har da barcin rana. In ya sha dogon barci a goye bayan la'asar, kada ki yi mamaki in ya hana ki runtsawa.

Shawarar ƙawarki tana da asali, sai dai ta gutsure ta. Wani likitan yara a Boston ta Amurka, Richard Ferber, shi ya yaɗa ta a 1985, kuma bai ce a rufe ƙofa a bar yaro har safe ba. Za ki kwantar da shi idonsa biyu, ki fita. In ya yi kuka ki jira minti 3 ki leƙo, ki yi masa magana ba tare da kin ɗauke shi ba, sai ki jira minti 5, sai 10. Tana da sauri, galibi cikin mako guda ake ganin canji, kuma ba a yi wa jariri sabon haihuwa ita, sai ya kusa wata 6. Amma an tsara ta ne don gidan da yaro ke da ɗakinsa shi kaɗai. Mu da ke kwana ɗaki ɗaya, cikin gidan sauro ɗaya, ga maƙwabta bango da bango, ina za ki fita? Minti 10 na kukan dare a gidan yawa, kafin ya cika an ƙwanƙwasa miki ƙofa ana tambayar lafiya. Kuma in kin fara kika karaya a dare na biyu, kin koya masa cewa dogon kuka shi ke kawo ki.

Ta Hajiya ita na fi so, amma da gyara. Ki shayar da shi, ki cire nonon kafin barci ya yi nauyi, ki kwantar da shi a shimfiɗarsa kusa da taki, kina ɗan bubbuga bayansa ko cinyarsa. Bayan kwana uku ki daina bubbugawa, hannunki kawai. Bayan wasu kwanakin ki zauna gefe, muryarki kawai yake ji. A haka har ki kai bakin ƙofa. Kukan kaɗan ne, amma za ta ci miki mako biyu ko uku, kuma sai maigida ya ba ki haɗin kai, don in ke kina janyewa shi yana ɗauka yana jijjigawa, aikin ya koma baya.

Ko wacce kika ɗauka, kada ki riƙa sulalewa a ɓoye. Da rana ki ce masa "ina zuwa", ki shiga kicin, ki dawo da fara'a. Ki rufe fuskarki da mayafi ki buɗe kuna dariya, wasa ne amma darasin tafiya da dawowa yake koya. Da dare kuma tsari ɗaya kullum: wanka, nono, addu'a, kashe fitila. A kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba tarin zannuwa, musamman lokacin sanyi da muke son lulluɓe yara har ka.

Maganin mura ko na tari da wasu ke ɗura wa yara don su yi barci, don Allah kada ki kusance shi. In kuwa kukan ya zo da zafin jiki, ko jan kunne, ko gudawa, ko ƙin nono, wannan ya wuce ƙiwa. Ki kai shi asibiti a duba shi, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, sai ya warke ki dawo kan maganar barci.