Zaɓuɓɓukan da ke gaban mai son yi wa fayil ɗin hoton cakin banki rajista

Tun da dokar Check 21, wadda ta sauƙaƙa amfani da hoton caki a madadin takardarsa, ta fara aiki a Amurka a watan Oktoba na 2004, bankuna suka rage jigilar takardun caki a motoci da jiragen sama, suka koma musayar hotunansu ta kwamfuta. Fayil ɗin da ke ɗauke da waɗannan hotuna yana bin ƙa'idar kwamitin X9 mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi a Amurka, wadda aka fara sani da X9.37, daga baya X9.100-187 ta gaje ta. Idan irin wannan fayil zai bi ta intanet, sai an maƙala masa lakabin da ke bayyana nau'insa, kuma IANA, hukumar da ke kula da sunaye da lambobin intanet, ita ce ke riƙe da kundin waɗannan lakabai bisa tsarin RFC 6838 na shekarar 2013, ɗaya daga cikin takardun ƙa'idojin intanet da ake kira RFC. Rajistar sabon lakabi a kundin kyauta ce, amma sunan da ya shiga kundin ba ya fita, iyaka dai a yi masa alamar cewa an daina amfani da shi, saboda haka zaɓin yana buƙatar natsuwa.

Zaɓi na farko shi ne a ƙi yin rajistar gaba ɗaya. Wanda fayil ɗinsa hoton caki ɗaya ne kawai cikin tsarin ajiye hoto na TIFF, lakabin image/tiff ya wadatar da shi. Wanda kuma yake tura cikakken fayil ɗin X9 yana iya fakewa da application/octet-stream, sai dai wannan lakabi ba ya gaya wa mai karɓa komai face cewa ga tarin bayit (ƙwayoyin bayanan kwamfuta) ya iso, kuma manhajar da ke can ta koma lalube ta sunan fayil.

Idan an yanke shawarar yin rajista, tambaya ta gaba ita ce ko sunan zai fara da image ko da application, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin kalmar hoto da ke cikin sunan abin tana jan mutum zuwa image. Duba cikin fayil ɗin zai nuna akasin haka. Yana buɗewa da layin bayani mai lamba 01, sannan 10 da 20 da ke buɗe rukunonin caki, sai 25 mai ɗauke da adadin kuɗi da lambobin da aka buga da tawadar maganaɗisu a ƙasan takardar, kafin a zo ga 50 da 52 inda hoton gaba da na baya suke zaune, a rufe da 70 da 90 da 99 waɗanda ke tattara jimillar lissafi. Hotunan baƙi da fari ne, an matse su da tsarin CCITT rukuni na 4, kuma ɗaruruwansu na iya taruwa a fayil ɗaya. Wannan takardar biyan kuɗi ce mai ɗauke da hotuna a cikinta. RFC 2046 ta ba manhaja damar miƙa duk wani nau'in image da ba ta gane ba ga manhajar kallon hoto, wadda ba za ta iya komai da shi ba, don haka application ne ya dace.

Daga nan sai zaɓen reshe, wato sashen kundin da sunan zai shiga. Reshen ƙa'idoji, wanda sunayensa ba su da wani ƙari a gaba, shi ne mafi daraja kuma mafi wahalar shiga, domin yana buƙatar amincewar IESG, kwamitin da ke jagorantar ƙungiyar tsara ƙa'idojin intanet ta IETF, idan ta hanyar ƙungiyar aka biyo, ko kuma buƙatar ta fito daga ƙungiyar tsara ƙa'idoji da aka amince da ita, tare da bayanin tsarin fayil ɗin a rubuce, a wallafe. A ganina, wannan reshe hakkin masu ƙa'idar ne, wato kwamitin X9 kansa, kuma kamfanin da ya rubuta manhajar karanta fayil ɗin bai kamata ya nemi mallakar sunan abin da ba shi ya tsara ba. Reshen kamfanoni, mai farawa da vnd., shi ne ya dace da banki ko kamfanin da ke da tsarinsa na kansa: ana miƙa buƙata kai tsaye ga IANA, ƙwararren da aka naɗa ya duba, kuma wallafa cikakken bayanin tsarin abin so ne, ba tilas ba. Aibinsa shi ne sunan kamfanin yana maƙale a ciki ko da an sayar da kamfanin ko ya sauya suna. Reshen prs. na gwaji ne da aikin ɗaiɗaikun mutane, bai dace da musayar kuɗi ba. Reshen x. kuwa ba a yi masa rajista sam, na amfanin cikin gida ne, kuma tsohuwar al'adar fara suna da x- an bar ta tun RFC 6648 ta 2012.

Kowane reshe aka zaɓa, fam ɗin rajistar zai nemi amsoshi na gaskiya. A gurbin yadda ake tura bayanan, binary za a rubuta, wato bayanan da ba rubutu zalla ba ne, saboda hotunan da kuma bayit huɗun da ke nuna tsawon kowane layi. Ya kamata a bayyana cewa rubutun ciki yana zuwa da EBCDIC ko ASCII, hanyoyi biyu na mayar da haruffa zuwa bayit, domin lambar 01 ɗin farko tana bayyana da fuska biyu, kuma manhajar da ke gane fayil ta bayit ɗinsa na farko dole ta san duka biyun. Gurbin tsaro ya fi kowanne nauyi, tun da ƙa'ida ta hana a rubuta cewa babu wata matsalar tsaro. Hoton caki yana nuna sunan mai asusu da lambar asusunsa da sa hannunsa, kuma tsarin fayil ɗin ba ya ɓoye su, don haka sai a faɗi cewa kariyar tana wuyan hanyar turawa, a kuma yi gargaɗi kan tsawon layi na ƙarya da zai iya rikita manhajar da ke karantawa. A gurbin mai ikon sauya rajistar, ya fi kyau a sa sunan kamfani ko ƙungiya a maimakon na ma'aikaci ɗaya, domin ma'aikacin yana iya barin aiki a rasa wanda zai gyara bayanin.