AK, M4 ko G3: Abin da Runduna Za Ta Duba Kafin Ta Sa Hannu a Kwangilar Bindigogi

Bindigar yaƙi hajar gwamnatoci ce, dubbai ake saye a lokaci guda, kuma wadda aka zaɓa bana mai yiwuwa ita sojan da ba a haifa ba tukuna zai rataya. Sojojin Jamus ta Yamma sun karɓi bindigar G3 a 1959, ba su fara ajiye ta ba sai wajajen 1997. Saboda haka duk kwamitin da aka ɗora wa sayen bindigogi ya sani cewa shawarar shekara talatin ko arba'in zai yanke, kuma ba daga bindigar ake farawa ba. Daga harsashi ake farawa.

Harsasai huɗu ne suka mamaye fagen. Akwai 7.62×39 (wato faɗin harsashin da tsawon kwansonsa a milimita) na AK-47, mai nauyin kusan giram 16, yana fita da gudun kimanin mita 715 a daƙiƙa. Yana huda katako da bulo a kusa, amma da ya wuce mita 300 sai ya fara sunkuyawa ƙasa sosai. Akwai 7.62×51 da ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO ta amince da shi a 1954, mai ƙarfi da cin nisa, sai dai kowane ɗaya ya kai giram 24. Sai ƙananan guda biyu masu gudu: 5.56×45 da NATO ta ɗauka a 1980, da 5.45×39 da Tarayyar Sobiyet ta fito da shi tare da AK-74 a 1974. Lissafin a fili yake. Sojan Amurka kan ɗauki harsashi 210 na 5.56, nauyinsu kilo biyu da rabi ke nan. Da na 7.62×51 ne, kilo biyar zai goya. Ga wanda zai yini yana tafiya da ruwa da rigar sulke da rediyo, wannan bambancin a gwiwa yake jin sa.

Dangin Kalashnikov, wato AK, su ne zaɓin da ya fi saurin zuwa baki, kuma sun cancanci sunan da suka yi. Sojojin Sobiyet sun karɓi AK-47 a 1949, sannan AKM ta biyo baya a 1959 da jikin ƙarfe da aka lanƙwasa a inji, ta fi sauƙin ƙerawa, nauyinta ya ɗan haura kilo uku. Sirrinta ba ɓoyayye ba ne. Ka danna maɓallin da ke bayan murfi, ka ɗaga murfin, ka zare sifirin, sai ƙarfen da ke ɗauke da fistin ya zamo hannunka gaba ɗaya. Sassa ne manya, kaɗan, da sarari a tsakaninsu har kana jin suna ɗan kaɗawa. Wannan sararin shi ke barin rairayi da taɓo su sami wurin zama ba tare da bindigar ta cije ba. Kurtu zai iya koyon kwance ta da ɗaura ta cikin yini guda.

Amma sararin nan da ake yabo shi ne kuma ke rage mata saiti. Murfin samanta ba ya zama daram, don haka madubin saiti ba ya riƙe daidaito a kansa sai an bi ta maƙalin gefe. AK-12 da Rasha ta karɓa a 2018 ƙoƙarin gyara wannan ne. Wani abin da masu saye ke mantawa: sunan AK ba shaidar inganci ba ce. Ƙasashe da yawa sun ƙera ta, daga Type 56 ta Sin zuwa na gabashin Turai, kuma ƙarfe da aikin hannu ba ɗaya ba ne. A tambayi masana'anta da shekarar ƙira, a tabbatar cikin bututun an shafe shi da kurom, ƙarfen da ke hana tsatsa, domin tsoffin harsasai da yawa na wannan dangi suna barin gishirin da ke haddasa tsatsa.

Dangin M16 da M4 na Amurka, ƙirar Eugene Stoner, wata falsafa ce daban. Jikinsu alminiyam ne da roba, ba sa dukan kafaɗa sosai, kuma saitinsu ya fi na AK nesa ba kusa ba. Sojojin Amurka na lissafa mita 500 ga M4, mai bututun inci 14.5. Layin maƙala kaya da ke samanta, wanda aka daidaita a 1995, ya sa madubi da fitila da na'urar ganin dare duk suna hawa cikin sauƙi. A ganina wannan ne babban dalilin sayen ta, domin madubi mai kyau ya fi ƙara wa soja iya harbi a kan duk wani gyaran da za a yi wa ƙarfe.

Sharaɗinta shi ne kulawa. Hayaƙin albarushi yana bin siririn bututu ya dawo har cikin cikinta, don haka bayan harbi mai yawa za ka tarar da baƙin dauɗa ya daskare a jikin sassan, sai an kankare an sa mai. Abin da ya faru a Biyetnam darasi ne ga kowane mai saye: an canza nau'in albarushi, ba a shafa kurom a mazaunin harsashi ba, aka kuma raba bindigogin ba tare da isassun kayan goge su ba. Suka riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa, har majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamitin bincike a 1967. An gyara, kuma M4 ta yau abin dogaro ce, amma fa a hannun rundunar da ke da mai, da burushi, da gidajen harsashi masu lafiya, da kofur ɗin da zai tsaya a kan yara su goge.

Wanda yake son siffar M4 ba tare da yawan dauɗar ba, HK416 ta Jamus ta sa gajeren fistin a madadin bututun hayaƙi. Norway ta ɗauke ta, Faransa ta zaɓe ta a 2016 don maye gurbin tsohuwar bindigarta FAMAS. Ta ɗan fi nauyi, ta kuma fi tsada.

FAL ta Beljiyam da G3 kuwa dattawa ne da har yanzu ba su yi ritaya ba. Ƙasashe sama da 90 sun yi amfani da FAL, har ta kai a yaƙin Falklands na 1982 Birtaniya da Ajantina kowa da irin tasa yake harbin ɗan'uwansa. FAL da G3 dukansu sun haura kilo huɗu, gidan harsashinsu 20 yake ci, kuma idan aka sake su a harbin ruwa bakin bindigar sama yake yi, shi ya sa Birtaniya ta cire wannan tsarin daga tata FAL ɗin, wato L1A1. Ba zan ba runduna shawarar ta raba wa kowane soja irinsu yau ba. Sai dai a fili mai faɗi ko tsakanin duwatsu ana bukatar mai cin nisa, kamar yadda Afganistan ta koya wa Birtaniya har ta sayo L129A1 mai 7.62 a 2010. Ɗaya ko biyu a kowane ƙaramin rukuni, da madubi, a hannun gwanin harbi, ya wadatar.

Masu gidan harsashi a bayan kunama, irin Steyr AUG ta Ostiriya da Tavor ta Isra'ila, gajeru ne masu daɗin shiga mota da lungu, amma bahago kan sha wahala da wasunsu, canza gidan harsashi kuma sai an saba. Ita kuwa sabuwar M7 da Amurka ta zaɓa a 2022 da harsashin 6.8×51 don huda sulke, ta dawo da tsohuwar matsala: nauyi, da harsashi 20 kacal. A bar masu kuɗin gwaji su gama gwada ta tukuna.

Inda aka fi tafka asara shi ne a takarda. A 2015 ma'aikatar tsaron Jamus ta ce G36, bindigar da ta gaji G3, na rasa saiti idan ta yi zafi, amma a 2016 kotu a birnin Koblenz na Jamus ta yanke cewa kamfanin da ya ƙera ta ya cika abin da aka rubuta a kwangila. Abin da ba ku rubuta ba, ba za ku iya nema ba. Ku rubuta yawan harbin da bututu zai jure, da saitin da ake so bayan ta ɗauki zafi, da kayan gyara na shekaru, da horar da masu gyara. Ku tambaya ko za a ba ku lasisin ƙerawa a gida, yadda Pakistan da Turkiyya da Iran suka samu na G3, domin ƙasar da ta sayar muku za ta iya rufe famfo ranar da siyasa ta juya. Ku kuma guji tara harsasai iri-iri: Indiya na da INSAS mai 5.56, ta sayi SIG716 guda 72,400 masu 7.62×51 a 2019, ga kuma AK-203 mai 7.62×39 da ake ƙerawa a garin Korwa na ƙasar, kowanne da layin jigilarsa.

Idan rundunarku na da ƙarancin masu gyara, horonta gajere ne, rumbunanta kuma cike suke da 7.62×39, ku tsaya a kan AK daga masana'anta mai suna, rarar kuɗin ku zuba a harsashin atisaye. Idan kuna da tsarin kulawa da kuɗin madubi, ko kuna aiki tare da ƙawaye masu 5.56, dangin M4 ko HK416 za su fi biya muku bukata. Ko wacce kuka karkata gare ta, kada ku yarda da gwajin da wakilin kamfani zai yi muku da bindigar da ya zaɓo da hannunsa. Ku zaro guda ashirin daga akwatuna daban-daban, ku miƙa wa sojoji na gama-gari su yi wata guda da su cikin ƙura da ruwan sama, a rubuta duk cijewa da duk abin da ya karye, sannan a zauna maganar farashi.