Likita ta waya ko zuwa asibitin Katsina: wanne ya fi wa Inna?

Ɗan'uwanmu na Baure ya yi tambaya: mahaifiyarsa na fama da hawan jini, duk wata sai ya kai ta Katsina ganin likita, shin in suka koma yi ta waya bai cuce ta ba? Allah ya ba Inna lafiya. Malam, amsar tana ga abin da ke kai ku asibitin.

In na bibiya ne kawai, waya ta fi. Ka duba wahalar: sammako daga Baure zuwa Daura, daga Daura kusan kilomita 80 zuwa Katsina, kuɗin motar mutum biyu wanda tun cire tallafin mai a 2023 bai sauko ba, sannan layin kati. Tsohuwa ta wuni a benci, a ƙarshe a auna ta a ce ta ci gaba da maganinta. Irin wannan gajiyar ce ke sa mutane su daina zuwa, su ajiye ƙwaya da zarar sun ji sauƙi, shanyewar ɓarin jiki kuwa ta nan take shigowa.

Sai dai likita ba ya jin hawan jini a murya, lamba yake so. Ku samu na'urar awo mai batir, ko ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi ya riƙa auna ta. Ta zauna ta huta minti biyar kafin a ɗaura mata, safe da yamma, har mako guda, a rubuta a littafi. Ka ɗauki hoton shafin da na kwalayen maganin, har jiƙe-jiƙen da take sha a ɓoye, ka tura ta WhatsApp. In awon yana yawan kai 140/90 ko ya haura, likita ne zai gyara maganin, ba mai kemis ba. Awon gida ma sau da yawa ya fi faɗin gaskiya a kan na wadda ta sha jijjigar mota.

Asibiti kuwa yana da abin da waya ba ta da shi: hannu. Ba a latsa ciki ta waya, ba a sauraron ƙirji, ba a gwajin fitsari ko na ƙoda, kuma mai hawan jini na buƙatarsu lokaci-lokaci. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe tana numfashi sama-sama, kada ka tsaya neman sabis, ku kama hanyar asibiti mafi kusa nan take.

Sabis ɗin ma ba abin dogaro ba ne. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, don haka katinta da littafin awon su zauna a gida.

Sannan wane ne a ɗaya ɓangaren wayar? Masu farar riga a Facebook sun yi yawa, rabin maganarsu talla ce. Likitan gaske yana da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, kuma wanda ya san fayil ɗin Inna ya fi baƙo. In kun koma wannan karon, ka tambaye shi ko zai yarda a tsawaita zuwan ya koma bayan wata uku, kuna tura masa awo a tsakani.