Sharhi Kan BlueScreenView da WinDbg: Yadda Na Gano Direban da Ke Kashe Mini Kwamfuta

Manhajar BlueScreenView ta kamfanin NirSoft ta cancanci ta zauna a filashin duk wanda ke neman abincinsa da kwamfuta, kuma ina faɗar haka ne bayan na yi aiki da ita a shagona na buga takardu da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina. Kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta buƙatar a girka ta, kuma aikinta guda ɗaya ne: ta karanta bayanin da Windows ke ajiyewa a duk lokacin da kwamfuta ta nuna shuɗin allo ta mutu.

Abin da ya kai ni gare ta shi ne kwamfutar teburin da muke buga furojet ɗin ɗalibai da ita, wadda ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki, musamman idan ana ɗora takarda a intanet. Mai gyaran da na fara kai wa bai buɗe komai ba ya ce a yi mata fomatin, kuma wannan ita ce amsar da aka saba ji a garin nan. Aka goge, aka sake zuba Windows, sannan ya ɗauko filashinsa mai tarin direbobi ya zuba su gaba ɗaya, aka kuwa dawo da ciwon tare da su.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin Windows da wani sashe na na'ura, kamar firinta ko katin hoto ko na'urar kama intanet. Yawancinsu suna aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, inda babu shamaki tsakaninsu da ma'ajiyar ƙwaƙwalwa, don haka idan ɗaya ya taɓa wurin da ba nasa ba, Windows kan gwammace ta tsayar da komai da ta bar bayanai su lalace. Kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan mutuwa daga direbobin wasu kamfanoni take fitowa, kashi 10 kuma daga lalacewar kayan na'ura. Ke nan wanda ya yi gaggawar sayen sabon RAM (ma'ajiyar ƙwaƙwalwar kwamfuta) ko hard disk (inda ake adana fayiloli) yana iya kashe kuɗinsa a inda babu ciwo.

Kafin ta mutu, Windows tana rubuta ɗan fayil a C:\Windows\Minidump. Da na buɗe BlueScreenView sai ta jero mini kowace mutuwa da ranarta da lokacinta a sashen sama, a sashen ƙasa kuma ta shafa wa direbobin da take zargi launin ruwan hoda. Saƙon kuskuren iri ɗaya ne a kowane layi, wato DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL mai lamba 0xD1, kuma fayil guda mai ƙarewa da .sys ne ke ta maimaituwa. Manhajar tana nuna sunan kayan da na kamfanin da ya rubuta fayil ɗin, a nan ne na gane cewa direban 'yar na'urar Wi-Fi ce da muke soka wa ta USB, kuma tsoho ne da aka rubuta tun kafin fitowar Windows 10. Na shiga Device Manager, wato sashen Windows da ke jera kayan na'ura da direbobinsu, na cire shi, na sa alamar a goge fayilolinsa, na sauko da na yanzu daga shafin masu na'urar. Tun daga ranar kwamfutar ba ta sake mutuwa ba.

Sai dai manhajar tana da iyaka, kuma na ga iyakar a kan laftof ɗin ƙanina, wadda ke mutuwa idan aka rufe ta aka sake buɗewa, abin da muke yawan yi a nan duk lokacin da aka ɗauke wuta don a tanadi caji. Kuskuren shi ne DRIVER_POWER_STATE_FAILURE mai lamba 0x9F, amma BlueScreenView ta nuna ntoskrnl.exe, wanda shi ne ainihin zuciyar Windows. Wannan fayil yakan bayyana ne domin shi ya tsayar da tsarin, kamar mai gadin da aka tarar a bakin shagon da aka fasa. Kasancewarsa a wurin ba ta sa ya zama ɓarawo ba. Duk wanda ya ga wannan suna kada ya ɗauka ya kama mai laifi.

A nan ne na koma ga WinDbg, manhajar binciken kurakurai wadda Microsoft ke bayarwa kyauta. Fuskarta tana tsoratar da sabon shiga, rubutunta duk Turanci ne na masu rubuta manhaja, kuma a karon farko tana sauko da wasu fayiloli daga intanet, don haka a tanadi data da haƙuri. Amma umarni ɗaya ya wadatar: a buɗe fayil ɗin mutuwar, a rubuta !analyze -v, a nemi layin IMAGE_NAME. A laftof ɗin ta ambaci direban katin intanet na ciki wanda ya kasa amsa umarnin barci a kan lokaci. Da yake matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, maɓallin Roll Back Driver da ke cikin Device Manager ya mayar da direban na baya, aka huta. Hukuncina shi ne a fara da BlueScreenView saboda sauƙinta, a tabbatar da WinDbg kafin a cire wani abu mai muhimmanci.

Akwai kuma Driver Verifier da ke cikin Windows, wadda ke matsa wa direbobi lamba da gangan har mai rauni ya fallasa kansa. Ban shawarci kowa ya kunna ta a kan kwamfutar da ake aikin kwastomomi ba, domin tana iya hana na'ura tashi. Wanda ya zama dole ya gwada ta, ya fara koyon shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kawai, ya kuma riƙe umarnin verifier /reset da ke kashe ta.

Wani abu da ya kamata masu shaguna su kula da shi shi ne manhajojin share tarkace, har da Disk Cleanup na Windows, suna iya goge ƙananan fayilolin nan na Minidump, kuma fomatin ma yana tafiya da su. Idan BlueScreenView ta buɗe fayau, a duba sashen Startup and Recovery na saitunan Windows a tabbatar an zaɓi Small memory dump, sannan a jira mutuwa ta gaba. Idan kuwa kowace mutuwa tana kawo lamba daban da direba daban, zargi ya koma kan RAM ko zafi, musamman a watan Afrilu ko bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, kuma a wannan hali Windows Memory Diagnostic mai gwada lafiyar RAM da buroshin share ƙura sun fi waɗannan manhajoji biyu amfani.