Manhajar waya ko duban gabas: wa ya fi sanin hadarin bazara?

Ɗan'uwa, tambayarka ta zo a kan gaɓa. Ka ce kwana uku a jere wayarka tana nuna kashi 70 cikin ɗari za a yi ruwa a Kano, ko ɗigo ba a yi ba, sai ranar da ta ce kashi 10 hadari ya taso da daddare har ya yaye kwanon maƙwabta. Shi kuwa Baba tun la'asar ya kalli gabas ya ce a kwashe shanya. To wa za ka bi?

Kafin a raba musu gardama, sai an san abin da ke faruwa a sama daga Afrilu zuwa Yuni. Iska biyu ce ke ture juna. Ɗaya busasshiya daga Sahara, ɗaya mai laima daga tekun Atlantika, wadda ke shigowa ta kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana matsawa arewa sannu a hankali. Da ta wuce garinku za ka ji a jikinka: gumi ya ƙi bushewa, gishiri ya dunƙule a kwano, ruwan randa ya rage sanyin da yake yi a watan Maris, domin jikin randar ba ya tsane damshinsa da sauri. Masana suna kallon awon da ake kira matakin raɓa, wanda ke nuna yawan laimar da ke cikin iska, idan ya haura digiri 14 ko 15 sun san iskar teku ta iso. Sai dai isowar laima daban, saukar ruwa daban. Galibin ruwan yana baya, can kudu da wannan iyaka, shi ya sa ake shafe makonni ana dahuwa ba a ga komai ba.

A wannan fannin, wato zafi da laima, wayarka ta yi wa Baba nisa. Manhajojin nan suna ɗauko lissafinsu ne daga manyan kwamfutoci na Amurka da Turai, irin su GFS da ECMWF, waɗanda ke bin tafiyar iska a faɗin duniya. Idan suka ce jibi zafi zai kai digiri 41 kuma dare zai yi nauyi, da wuya su kuskure da yawa. Mai aikin gini, mai azumin nafila, mai kiwon kajin gidan gona, duk za su amfana da wannan. Baba ba zai iya gaya maka zafin jibi ba.

Ruwan ne matsalar manhajojin. Kwamfutar tana yanka duniya gida-gida kamar dara, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13 ko fiye. Hadarin farkon damina kuwa yakan fara ne ƙarami, ya jiƙa Bichi sharkaf ya bar Dawakin Tofa da ƙura. Ga kuma ƙarancin tashoshin awo a yankinmu, ballantana masu sakin balan-balan ɗin auna iskar sama, don haka abin da ake ɗura wa kwamfutar tun farko bai cika ba. Ba ƙaramin abu ba ne: masu bincike sun sha nuna cewa a yankin Sahel waɗannan lissafai ba su cika fin wanda ya dubi tarihin ruwan watan kawai ba, idan maganar ruwan gobe a takamaiman gari ake. Sannan mu ma muna karanta lambar a baibai. Kashi 70 na nufin cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, za a yi ruwa a bakwai, uku kuma a tashi a tutar babu.

Baba fa? Duban gabas da yake yi ba camfi ba ne. Mafi yawan ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan hadura masu jeruwa a layi, suna tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa. Da yawa suna haɗuwa da rana a kan tuddai irin na Jos, Mandara ko Azbin, su iso wasu garuruwan cikin dare. Wanda ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin da yamma, walƙiya tana wasa a gindinta, ainihin hadarin yake gani, ba lissafinsa ba. Can sai iskar kudu ta ɗauke cak, ganye ya daina motsi, sai wata mai sanyi ta buso daga gabas da jar ƙura da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga nan 'yan mintoci suka rage, mata na rige-rigen kwashe tufafi, yara na kora awaki. Amma idon Baba iyakarsa awa biyu ko uku. Zuwan shamuwa da zubar ganyen gawo suna faɗa masa damina ta kusa, ba sa faɗar ranar Talata ce ko Laraba. Kuma hadarin Mayu mayaudari ne, sau tari iska da ƙura zai zubar ya wuce.

Ni abin da nake yi shi ne: zafi in tambayi waya, ruwan yau in tambayi gabas, ko in kira wani a Dutse da ke gabas da Kano, tunda abin da ya dake su yakan iso Kano cikin kamar awa biyu. Idan manhajarka tana nuna hoton tauraron ɗan'adam, shi ya fi lambar nan amfani, don za ka ga gajimaren yana tahowa. Maganar shuka kuwa duka biyun ba su isa ba. Nemi hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, yana nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace jiha, don kada ruwan farko ya ruɗe ka iri ya ƙone a ƙasa.

In hadarin ya riske ka a gona, ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane uku kilomita ɗaya ne. Idan bai kai 30 ba, bar gindin bishiya ka nemi ɗaki ko mota.