Kisan Jirgin Orient Express: Wanne Daga Cikin Finafinan Za Ka Saya?

Marubuciya Agatha Christie ta fitar da littafin Murder on the Orient Express a 1934. Jirgin ƙasa ya taso daga Istanbul, dusar ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya, da gari ya waye aka tarar da wani attajiri mai suna Ratchett an caka masa wuƙa sau 12. Jami'in bincike ɗan Beljiyam, Hercule Poirot, yana cikin fasinjojin. An mayar da labarin fim sau da dama, dukansu da suna ɗaya, don haka kafin ka biya kuɗi ko ka ƙona data, duba shekarar.

In ba ka san ƙarshen labarin ba, na 1974 za ka nema, wanda Sidney Lumet ya ba da umarni, Albert Finney ya fito a Poirot. Ya haura awa biyu, kuma galibinsa tambayoyi ne a cikin tarago: a kira fasinja, ya zauna, ya shara ƙaryarsa, ya tashi. Nan daɗinsa yake, domin ana ajiye maka kowace hujja a gabanka, kamar wani hankici mai harafin H, da wani agogo da ya tsaya a ƙarfe ɗaya da kwata, kai ma ka gwada basirarka. Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da ɗan ƙaramin matsayi a cikinsa, ga kuma Sean Connery da Lauren Bacall. Aibinsa ɗaya, Finney akwai hayaniya, Turancinsa kuma a murɗe yake, sai ka tabbatar kwafin da za ka saya yana da rubutun magana a ƙasa.

Na 2017 na Kenneth Branagh, wanda ya ba da umarni kuma ya fito a Poirot, ya fi su kyan hoto nesa ba kusa ba. Sai dai an cusa masa guje-guje da harbi waɗanda babu su a littafin, manyan 'yan wasa irin su Judi Dench kuma ba su samu filin magana ba. Mai babbar talabijin zai more shi. A waya kuwa, rabin abin da ka biya ya tafi a banza.

Na 2010, wanda David Suchet ya fito a Poirot, shirin talabijin ne na kimanin minti 90 cikin jerin Agatha Christie's Poirot, yawanci a cikin jerin ake samunsa. Ni shi ya fi ratsa ni, amma ba na mafari ba ne. Ba gano wanda ya yi kisan ya dame shi ba, damuwarsa ita ce ko mutum yana da hurumin ɗaukar doka a hannunsa idan kotu ta gaza. Tun farkonsa akwai wani mutum da ya kashe kansa, da jifan wata mata a titi, kada ka kunna shi yara na zaune.

Akwai kuma na 2001 da Alfred Molina ya fito a Poirot, wanda aka dawo da labarin zamanin kwamfuta. Wannan ko kyauta aka ba ka, ajiye shi sai ka gama da sauran.